Dariyar Ƙarshen Kaset

Tun ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, Auta ba ta ƙara jin ƙarar jita gabanta bai faɗi ba.

Abin haushin kuma, babu inda za ta gudu. Waƙar tana cikin motar haya, tana shagon aski, tana wayoyin majinyata a asibitin da take aikin jinya. Hatta matar da ke goge musu daɓen ɗakin haihuwa, da ita take jan tsumma.

Waƙar ba sabuwa ba ce, ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Marigayi Mai Jita ne ya yi ta zamanin da ake juya kaset da biro, ta kwanta shekara da shekaru a ƙasan akwati, sai bana ɗansa ya tono ta ya yi mata sabon kiɗa. Ya kuwa faɗo a kan gaɓa, domin yayin tsofaffin waƙoƙi ake yi. Yaran da ko kaset ba su taɓa riƙewa ba su ne kan gaba wajen lumshe ido suna cewa, "Allah sarki zamanin da!" sai ka rantse tare da su aka yi zamanin.

Ba baitukan ba ne suka kayar da Baba. A can ƙarshe, bayan jita ta yi shiru, akwai dariyar wata mace, 'yar gajeruwa, mai farawa a maƙogwaro ta ƙare da sarƙewa. Ɗan Mai Jita ya ɗauko ta daga tsohon kaset ya bar ta yadda take, saboda daɗinta. Ba da daɗewa ba aka gayyace shi gidan rediyo, aka tambaye shi ko dariyar wa ce, shi kuma ya buɗe baki ya ce ta macen da mahaifinsa ya so ce, ita ma ta so shi, Allah bai yi ba.

Baba yana zaune yana gyaran wata rediyo lokacin da hirar ta fito daga cikinta, aka biyo ta da waƙar. Dariyar Umma ce, matarsa, wadda ko shekara biyu ba a yi da binne ta ba.

Shi kuwa Ɗan Mai Jita, shi ne mutumin da Auta ta riga ta ce wa ya turo manyansa.

Kwanan Baba da yawa a gadon asibiti. Likita ya ja Auta gefe ya ce, "Ke ma'aikaciyarmu ce, ba sai na yi miki kwana-kwana ba. Zuciyar nan ba za ta ɗauki irin wannan sau biyu ba."

Tun daga ranar ta daina dariya a gida. Kowa ya san dariyarta ta Umma ce sak, har sarƙewar. Idan abin dariya ya taso mata sai ta cije leɓe ta shige kicin.

Yau da yamma ta dawo daga aiki ta tarar da takalma ƙafa biyu a ƙofar falo, nan take ta sha jinin jikinta. Ɗaya silifas ɗin Gwaggo ne, yayar Baba, ɗayan kuma sawu-ciki mai sheƙi, na Mai Kemis.

Mai Kemis ba mummuna ba ne, ba kuma matsiyaci ba. Shi ke kawo wa Baba magunguna har gida, ya zauna ya auna masa jini, ya gyara masa filo. Aibunsa ɗaya, duk alherin da ya yi sai ya waiga ya ga ko Auta na kallo.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Zauna, ke muke jira."

Ta durƙusa ta gaishe su, ta raɓe a gefen kujerar Baba. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa a wuya. Hannunsa na dama yana kan gwiwa yana ɗan rawa, babban yatsansa mai tsohon tabon ƙuna yana shafa sauran.

"Har yanzu kina kula yaron nan?" Gwaggo ta tambaya.

Auta ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake! Yaron da ya ɗauki uwarki tana kabari ya raba wa 'yan tasha? Jiya a gidan gaisuwa wata ta dube ni ta ce, ashe matar ƙaninki tsohuwar budurwar mawaƙi ce? Na rasa inda zan sa fuskata. Ni dama tun farko na faɗa, yarinyar da ake jin dariyarta a ɗakin makaɗa..."

"Yaya." Baba ya faɗa a hankali, bai ɗago ba.

"To na yi shiru. Ai kullum ni ce mai baki."

Auta ta saci kallon Baba. Ba ta taɓa zargin Umma da komai ba, amma tun da abin nan ya faru wata tambaya ke cin ta, tana tsoron amsarta. Me ya kai Umma ɗakin? Me ya sa Baba, da ya fi kowa sani, ya ƙi cewa uffan?

Mai Kemis ya gyara murya. "Gwaggo, a bi ta a hankali. Ni dai lafiyar Baba ce a gabana. Ko ɗazu jininsa..."

Bai ƙarasa ba wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu, kuma ba wata ƙara ba ce illa jitar nan.

*Ki tuna da ni in ruwa ya sauko,*
*Ki tuna da bencin ƙofar gida.*

Auta ta waiga da sauri. Ta ga Baba ya runtse ido, ya kai hannu ƙirji. Mai Kemis kuwa sai lalube yake, ya taɓa aljihun hagu, ya taɓa na dama, kamar yau ya fara sa rigar.

"Kashe ta!" Auta ta daka masa tsawa. "Don girman Allah kashe ta kafin ta kai ƙarshe!"

Ya kashe. "Subhanallahi, yaran shago ne suka sa mini, wallahi ban lura ba."

Ta dube shi ido cikin ido, ya kawar da kai. Ta durƙusa ta kama wuyan hannun Baba tana jin bugun jininsa.

Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya buɗe ido.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ke ba yarinya ba ce, ban kuma taɓa zaɓa wa 'ya'yana miji ba. Ki kawo wanda kika ga dama. Amma wancan, in dai ina numfashi, ba zai taka mini ƙofa ba. In kin matsa, ki jira. Ba na jin jiran zai yi tsawo."

Ta rushe da kuka. "Baba, don Allah kar ka faɗi haka. Wallahi bai san Umma ba ce. Bai sani ba!"

"Ya san abin da ya yi." Muryarsa ta yi kaushi. "Ɗan ubansa ne. Abin da uban ya kasa ƙwata da ransa, ɗan ya ƙwata masa da almakashi."

Ba ta fahimci maganar ba, ta kuma ji tsoron tambaya. Gwaggo ta miƙe tana gyara mayafi.

"Manyan wannan bawan Allah suna son zuwa ƙarshen mako. Ni na ce su zo. In kina son ubanki da rai, kin san abin da za ki ce musu."

Washegari da ta tashi daga aikin safe ba ta nufi gida ba. Ta hau benen da situdiyon Ɗan Mai Jita yake, inda yake ɗaukar waƙoƙinsa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, an manne bangonsa da soso, fanka na juyawa a kusurwa, tsohuwar jitar marigayin tana rataye sama da kwamfuta. Ɗan Mai Jita yana ganinta ya miƙe har kujera na faɗuwa. Shi ma ya faɗa, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Ina ta kira ba kya ɗauka. Ya jikin Baba?"

"Sallama na zo yi maka."

Ya tsaya kamar an dasa shi. "Wace irin sallama?"

"Irin wadda ka sani." Hawaye suka zubo mata. "Jiya saura kaɗan ya tafi a hannuna. Kullum in na fito aiki sai na riƙa jin kamar za a kira ni a ce ya faɗi. In mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da waƙarka, da gudu nake zuwa in rufe tagogi. Na gaji da tsoro. Ba zan kashe ubana saboda kai ba."

"Na roƙi gidajen rediyo su daina sa ta, kin sani. Amma wayoyin mutane fa? In bi su ɗaya bayan ɗaya?"

"Wa ya aike ka ka ce Umma ta so mahaifinka? A ina ka ji?"

Ya zauna a gefen tebur, ya riƙe kai. "Ban ji a ko'ina ba. Ina ƙarami in Abba ya sa kaset ɗin, da an zo wurin dariyar sai ya yi shiru ya daɗe. Ni na haɗa labarin a kaina. Da aka tambaye ni, sai na ga ya fi daɗin faɗa. Mutane suna son a ce musu soyayyar da ta fi ta yanzu, ni kuma na ba su abin da suke so. Wallahi da na san mahaifiyarki ce, da harshena ya bushe kafin in faɗa."

"Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ranar da ka kawo mahaifiyarka asibiti, ka ce dariyata ce ta sa ka waigo. Ka ce kamar ka daɗe da saninta. Ashe gaskiya ka faɗa, ka san ta tun kana yaro. To ni kake so, ko kaset?"

"Haba, Auta!"

"Amsa za ka ba ni."

"Dariyar ce ta sa na waigo, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba ita ta zaunar da ni ba. Rabon da in ji kin yi dariya tun kafin Baba ya kwanta, kullum kuka kike mini da faɗa, ga ni nan kuma ban je ko'ina ba."

Ta juya masa baya, domin in ta ci gaba da kallonsa ba za ta iya fita ba. Har ta kama ƙofa, sai maganar Baba ta dawo mata.

"Me ka yanke da almakashi?"

"Almakashi kuma?"

"Baba ya ce abin da mahaifinka ya kasa ƙwata, kai ka ƙwata masa da almakashi."

Ya shafa gemunsa. "Ban yanke komai a waƙar ba. Shara kawai na yi. Kin san su a da, a ɗaki ɗaya suke taruwa su kewaye rikoda, in an fara sai an gama, duk abin da ya faru a ɗakin yana shiga. Akwai tari, akwai ƙarar kujera, akwai kukan akuya daga waje. Aikinmu ne mu share irin waɗannan. Sai kuma wani ƙato da ya kurma ihu dab da dariyar."

"Ihu?"

"Ihu mai ƙarfi, kamar wanda wuta ta ja. Ya ɓata wurin gaba ɗaya, na cire shi har da surutun da ya biyo baya."

Auta ta saki ƙofar. Tabon ƙunar da ke babban yatsan Baba ya faɗo mata a rai. Ta tuna Umma, duk ranar da suke nishaɗi, takan kama yatsan ta ɗaga ta ce wa 'ya'yanta, "Kun ga wannan? Da ba don shi ba, da ban san ubanku yana da murya ba." Su yi ta dariya, Baba ya ƙwace hannunsa yana cewa a bar tone-tone. Ba wanda ya taɓa tambayar inda abin ya faru.

"Sa mini shi in ji," ta ce. "Yadda yake, kafin ka share."

Ya dubi kwamfutar, ya dube ta. "Na goge na farkon. Wanda na gyara kawai na ajiye."

"Kaset ɗin fa?"

Ya jawo aljihun tebur ya fito da shi, a naɗe cikin hankici. Robar ta yi ja, takardar jikinsa ta ɓare. "Shi kaɗai ne a duniya. Ranar da na kwafe shi ma da addu'a na gama, zaren ya tsufa. Rikodar da na ara kuma na mayar."

Auta ta san inda rikoda take. Shago ɗaya ne ya rage a unguwarsu da ke da irinta.

"In na yi kuskure," ta ce, "in ba shi ba ne a ciki, ko kuma akwai wani abu da ya fi wannan muni, to na kai masa ajalinsa da hannuna."

"To mu bari."

"In mun bari, ƙarshen mako zan ce wa manyan Mai Kemis na amince." Ta haɗiye kuka. "Tashi mu je, kafin tsoro ya dawo mini."

Shagon Baba a jikin gidansu yake. Tun da ya kwanta ba ya karɓar aiki, amma kullum da la'asar sai ya sa an buɗe masa, ya zauna tsakanin matattun rediyoyi da talabijin masu ƙeya, wai ƙamshin dalma ya fi masa maganin likita. Suna isa Auta ta hango Mai Kemis a kan benci da abin awon jini, ta ji kamar ta koma.

Baba ya ɗago. Idonsa ya wuce ta, ya sauka a kan wanda ke bayanta, fuskarsa ta ɗaure tamau.

"Me na ce miki jiya?"

"Baba, bai taka ƙofa ba, ga shi can a waje." Ta zube a gabansa, ta ɗora kaset ɗin a kan tebur. "Wannan na kawo. In ka ce in mayar, yanzu zan mayar, ba kuma zan ƙara ambatonsa ba har abada."

Mai Kemis ya miƙe. "Ke kuwa da iliminki? Kin san abin da likita ya ce. In wani abu ya same shi, ke ce!"

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce.

Baba bai kula shi ba. Ya daɗe yana kallon kaset ɗin, sannan ya kai hannu ya juya shi. A kusurwa akwai ɗan wurin da robar ta narke.

"Ni na yi wannan," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Na ajiye shi kusa da abin dalma."

Ya nuna wata rikoda a saman kanta, Auta ta sauko da ita ta hure ƙasar da ke kai. Wayar wutarta duk ta zaizaye, an naɗe ta da baƙin salatif. Baba ya sa kaset ɗin, ya tura shi gaba da ɗan nisa, ya danna.

Aka fara jin shuuu, sai jita ta shigo, siririya, tana ɗan lanƙwasa saboda tsufa. Muryar Mai Jita ta biyo baya. A waje, ɗansa ya jingina da bango ya rufe ido. Auta ba ta sauraren waƙar, ƙirjin Baba kawai take kallo, yana hawa yana sauka.

Ana cikin baitin ƙarshe muryar ta yi nauyi, ta ja kamar mai maye, sai wani ƙiii.

"Tana cin zare!" Ɗan Mai Jita ya faɗa daga waje.

Baba ya kashe da sauri ya buɗe. Zaren ya fito ya naɗe a jikin ƙarfen, ya cukurkuɗe. Ya kai yatsa zai zaro, hannun ya yi rawa, zaren ya tsinke.

Auta ta ƙura wa tsinkakken zaren ido. Shi ke nan, ta raba Ɗan Mai Jita da abin da ya rage masa na ubansa, ta kuma raba Baba da abin da ko jinsa bai kai ga yi ba.

"Ai ga irinta nan," in ji Mai Kemis.

Baba ya ɗauko reza da farin salatif. Ya yi ƙoƙarin haɗa bakin zaren biyu, suka ƙi tsayawa, yatsunsa sai karkarwa suke. Ya sake, suka sake zamewa. Gumi ya tsatsafo masa a goshi, numfashinsa ya fara sama-sama.

"Baba, bari haka, don Allah," Auta ta ce tana kuka. "Na haƙura. Wallahi na haƙura da komai."

Bai ko dube ta ba. Ya ɗaga murya.

"Kai! Za ka tsaya a nan kana kallo ne? Shigo ka riƙe mini nan."

Ɗan Mai Jita ya dubi dokin ƙofar, ya dubi Auta, ya cire takalmi ya shigo. Ya durƙusa ya danne bakin zaren biyu a kan tebur da farcensa. Baba ya yanko salatif siriri kamar tsinke, sai da ya auna sau da yawa kafin ya ɗora. Ya miƙa wa yaron biro.

"Naɗe a hankali. Ba irin sharar da kuka iya ba ce."

Aka goge ƙarfen da auduga, aka mayar da kaset. Auta ta matso ta riƙe wuyan hannun Baba, bai hana ta ba. Jinin yana gudu a ƙarƙashin yatsunta kamar zai fasa fata.

Jita ta dawo, ta yi ɗan tsalle a wurin ɗinkin, ta ƙarasa, ta yi shiru. Sai wata murya ta saurayi ta cika shagon.

"Wayyo Allah! Wayyo yatsana!"

Aka ji faɗuwar kujera. Sannan dariyar ta zo, ba guntuwar da duniya ta sani ba, doguwa, har da sarƙewa da tari. A cikinta muryar Umma, ƙuruciya shar, tana cewa, "Ashe kana magana? To sake mana! Wa ya ce ka riƙe da hannu?" Saurayin ya amsa, "In na saki, waƙar za ta yanke." Aka ji ƙas, kaset ya ƙare.

Hawaye suna bin fuskar Baba, bai share ba.

"Ɗakin yayanta ne, shi ke buga wa su Mai Jita ganga," ya ce. "Ni an kira ni ne in haɗa musu wuta. Wayar ta ƙi zama, na riƙe ta da hannu tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Ita kuma ruwa ta kawo mana. Na daɗe ina ganinta a layin, ban taɓa iya ce mata sannu ba." Ya juya ga Ɗan Mai Jita. "Ubanka ya yi mata waƙa, gaskiya ne. Amma dariyar nan tawa ce. Ita kaɗai na samu a ɗakin nan, da ita na yi aure, da ita na haifi 'ya'ya. Ka cire ni, ka miƙa wa ubanka."

"Baba, ban sani ba. Na ɗauka hayaniya ce." Muryarsa ta karye. "Ka yafe mini."

"Za ka koma gidan rediyon ka faɗi gaskiya. Za ka kuma mayar da ihun inda ka same shi."

"Duniya ta ji ihunka, Baba?"

"Ta ji. Ai ta ji abin da ya fi shi ciwo." Ya ɗora hannu a kan rikodar. "Kaset kuma a nan zai zauna."

Ɗan Mai Jita ya dubi rikodar. Abu ɗaya ke nan da ya gada mai muryar ubansa yadda take.

"Ya zauna, Baba."

"In kana son jin ubanka, ka san hanyar shagon. Shagon na ce, ban ce gida ba tukuna."

Mai Kemis ya naɗe abin awonsa. "Baba, maganar ƙarshen mako fa? Gwaggo ta riga ta..."

"Yaya ce ta gayyace ku, sai ka je ka tambaye ta abin da ta tanadar muku." Baba ya jingina, a gajiye, leɓɓansa sun yi fari. "Kai, zare mini wayar can daga soket."

Ɗan Mai Jita ya yi wuf ya miƙa hannu, jiƙe da gumi, ya damƙi wayar daidai inda salatif ya ɓare.

"Wayyo Allah!"

Ya yi baya ya ture benci, yana yarfa hannu yana hura yatsa.

Auta ba ta san lokacin da ta ƙwace mata ba. Dariyar ta taso daga maƙogwaro, ta fito fili a cikin shagon, a gaban Baba. Tana jin ta a kunnenta ta toshe baki da hannu biyu, idanunta suka firfito. Baba ya dafe ƙirji, ya ƙura mata ido, ba ya ko ƙiftawa.

"Baba? Baba, yi magana! Na tuba, ba da gangan..."

Ya ja numfashi mai tsawo, ya sauke. Sannan ya miƙa hannunsa mai tabon, ya janye nata daga bakinta.

"Wa ya ce ki yanke?" ya ce. "Ƙarasa ta."